Yadda ake kafa madogara da shafukan intanet da saƙonnin sada zumunta da bidiyo a kundin bincike

A ƙarshen kowace shekarar karatu, ɗalibai da dama daga ƙananan hukumomin Ikara da Makarfi da Kudan da ke arewacin Jihar Kaduna kan duƙufa wajen haɗa kundin kammala karatu. Wasu suna Kwalejin Kimiyya da Fasahar Lafiya ta Shehu Idris da ke Makarfi, wasu kuma suna Zariya, a Jami'ar Ahmadu Bello ko Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Nuhu Bamalli. Cikinsu akwai ma'aikatan gwamnati masu neman ƙarin shaidar karatu domin ƙarin girma, da 'yan kasuwar da ke haɗa karatu da sana'a.

Yawancin batutuwan da suke nazari a kai na gida ne, kamar cinikin rake a kasuwar Makarfi, da noman tumatir a Ikara, da noman rani a fadamun Hunkuyi, da karɓar allurar rigakafi a ƙauyuka irin su Malikanci. Ba kasafai ake samun littafi sukutum a kan irin waɗannan batutuwa ba. Abin da ake samu shi ne rahoton jarida a intanet, ko sanarwar ma'aikata a Facebook, ko hira da manomi a YouTube. Don haka wayar hannu ta zama ɗakin karatun ɗalibi na farko.

Matsalar tana tasowa ne wajen faɗin inda aka samo bayanin. Wani ya rubuta "intanet" kawai a manazarta, wani ya rubuta "Google", wani kuma ya liƙa dogon adireshi ba suna ba kwanan wata. Wannan daidai yake da ɗan kasuwar da aka tambaya wa ya sayar masa da kaya, ya ce kasuwa. Sakamakonsa kuwa yana da nauyi: malamin da ke duba aiki kan mayar da kundin, wani lokaci a zargi ɗalibi da satar fasaha, kuma adadin da ba shi da tushe yana iya fita daga kundi ya shiga rahoton ofis, a yi kasafi a kansa.

Mece ce madogara?

Madogara ita ce alamar da marubuci ke sakawa domin ya nuna daga wa ya ɗauko magana ko adadi ko ra'ayi. Tana zuwa a wuri biyu. Na farko a cikin rubutu, inda ake sa sunan mai magana da shekara a taƙaice. Na biyu a manazarta, wato jerin da ke ƙarshen kundi, inda ake ba da cikakken bayanin da zai kai mai karatu ga asalin abin.

Wannan al'ada ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa. Malaman hadisi sun daɗe suna auna magana da isnadinta, wato jerin waɗanda suka ji ta daga juna har zuwa asalinta. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya wallafa littafi musamman, Ida'un Nusukh, domin ya ambaci malaman da ya ɗauki karatu a wurinsu. Manufar guda ce a zaure da jami'a: a ba mai haƙƙi haƙƙinsa, a kuma bai wa mai shakka hanyar komawa ya duba da kansa.

Tsare-tsaren da aka fi bi

Akwai tsare-tsare da dama na rubuta madogara. Wanda ya fi yaɗuwa a fannonin ilimi da zamantakewa da kasuwanci shi ne APA, na Ƙungiyar Masana Halayyar Ɗan'adam ta Amurka, wanda bugunsa na bakwai ya fito a watan Oktoban 2019. Masu nazarin harshe da adabi sukan bi MLA, wanda bugunsa na tara ya fito a 2021. Masana tarihi sun fi karkata ga tsarin Chicago. A fannin lafiya kuma akwai tsarin Vancouver, wanda ya samo asali daga taron editocin mujallun likitanci da aka yi a birnin Vancouver na Kanada a 1978, kuma shi lambobi yake amfani da su a cikin rubutu a maimakon suna da shekara.

Sashen da ɗalibi ke karatu ne ke yanke tsarin da za a bi, don haka abu na farko shi ne neman takardar ƙa'idar rubuta kundi ta sashen. Wanda ya fara da tsari ɗaya, da shi zai ƙare. Bayanin da ke tafe ya dogara ne a kan APA bugu na bakwai.

Tambayoyi huɗu

Kowace madogara, ta littafi ce ko ta bidiyo, amsa ce ga tambayoyi huɗu a jere. Wa ya faɗa? Yaushe? Mene ne taken abin? A ina za a same shi? Wanda ya riƙe waɗannan huɗun zai iya rubuta madogarar duk wani abu da ya ci karo da shi, ko da ba a ba shi misalinsa ba.

Wajen suna, ana fara wa da sunan ƙarshe, sannan harufan farko na sauran sunaye, kuma ba a sa laƙabi irin su Alhaji ko Malam ko Sanata ko Farfesa. Wannan ya shafi har masu amfani da sunan gari a matsayin sunan ƙarshe, kamar yadda aka saba a Arewa. Da a ce za a dogara da wani rubutu na tsohon Gwamnan Jihar Kaduna, Ahmed Mohammed Makarfi, sunansa zai fito a manazarta a matsayin Makarfi, A. M.

Shafin intanet

Idan rahoton jarida ne, ana rubuta sunan wakilin da ya rubuta shi, sai shekara da wata da rana a cikin baka biyu, sai taken rahoton, sai sunan jaridar, sannan adireshin shafin. Adireshin da ake buƙata shi ne na rahoton kansa. Adireshin bangon jaridar ba ya wadatarwa, domin bango kullum canzawa yake.

Misali, mai nazarin noman tumatir a Ikara ba zai rasa ambaton shekarar 2016 ba, lokacin da tsutsar Tuta absoluta ta cinye gonaki har Gwamnatin Jihar Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan noman tumatir a watan Mayu. Kafofi da yawa na gida da na waje sun ɗauki labarin, kuma ba lallai ne alƙalumansu su zo ɗaya ba. Wajibi ne ɗalibi ya nuna takamaiman rahoton da ya ɗauko nasa adadin, domin a san wa zai amsa idan aka samu saɓani.

Idan babu sunan mutum, hukumar da ta fitar da bayanin ita ce marubuciya. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa, alal misali, tana fitar da rahoton farashin kayan abinci duk wata. Wanda ya ɗauko farashin tumatir daga ciki zai sa sunan hukumar a gurbin marubuci, ya kuma nuna rahoton wane wata ne. Idan sunan marubuci da na shafin ɗaya ne, ba a maimaita shi.

Idan shafi ba ya ɗauke da kwanan wata, ba a ƙirƙira masa. A kundin Ingilishi ana sa harufan n.d., a na Hausa kuma a rubuta cewa babu kwanan wata. Shekarar haƙƙin mallaka da ke can ƙasan shafi ba ita ce ranar wallafa rubutun ba, domin sau da yawa takan sabunta kanta duk shekara. Game da ranar da aka duba shafi kuwa, APA tana buƙatar ta ne kawai a shafukan da aka gina su domin su riƙa canzawa, kamar shafin farashin canjin kuɗi ko taswira. Maƙalar mujallar ilimi da ke da lambar DOI, lambar ce ake sakawa, domin ba ta canzawa ko da mujallar ta koma wani shafi.

Akwai wata ƙa'ida mai amfani ga masu dogara da kafofin Hausa a kundin Ingilishi. Ana barin taken a harshensa na asali, sannan a biyo shi da fassara a cikin baka mai kusurwa. Da haka mai karatu zai iya neman rahoton da ainihin kalmominsa.

Saƙonnin kafofin sada zumunta

Saƙon Facebook ko X ko Instagram ba shi da take. Don haka APA ta ce a ɗauki kalmomi ashirin na farkonsa a matsayin take, yadda aka rubuta su, ba tare da gyara kuskuren rubutu ba. A saƙon X ko Instagram, bayan sunan mai shafin ana sa sunan da yake amfani da shi a dandalin, mai farawa da alamar @, a cikin baka mai kusurwa. Sai cikakken kwanan wata, sai kalmomin, sai bayanin irin saƙon da ko yana ɗauke da hoto ko bidiyo, sai sunan dandalin, sannan adireshin saƙon kansa.

Kafin a kai ga nan, sai an tabbatar da mai shafin. Akwai shafukan bogi da yawa masu ɗauke da sunayen sarakuna da gwamnoni da ma'aikatu. Shuɗiyar alamar tantancewa ma ba ta zama hujja ita kaɗai ba, tun da yanzu ana iya samun ta da biyan kuɗi a X da Facebook. Hanya mafi aminci ita ce a duba ko shafin intanet na hukumar ya nuna wannan shafi a matsayin nata.

Ya kamata kuma a san matsayin irin wannan madogara. Saƙon da wani ɗan kasuwa ya wallafa cewa farashin rake ya faɗi a Makarfi hujja ce cewa ya faɗi haka a ranar. Tabbatar da faɗuwar farashin kuwa yana buƙatar wata hujja, kamar hira da 'yan kasuwa da yawa ko alƙaluman hukuma.

Bidiyo

A bidiyon YouTube da makamantansa, mai tashar da ya ɗora bidiyon shi ake sa wa a gurbin marubuci, ko da ba shi ke magana a ciki ba, domin da sunan tashar ake nemo shi. Sai ranar da aka ɗora, sai taken bidiyon, sai kalmar da ke nuna cewa bidiyo ne a cikin baka mai kusurwa, sai sunan dandalin da adireshi. Wanda ya yi maganar kuma a ambace shi a cikin jimlar rubutun. Idan an ɗauko magana kai tsaye, ana nuna minti da daƙiƙar da ta fara, kamar 12:40, a gurbin lambar shafi.

Abu biyu ne ke yawan rikita masu bincike a nan. Na farko, ranar ɗora bidiyo daban take da ranar ɗaukarsa. Ana iya ɗora tafsirin da aka yi shekara goma da suka wuce a yau, ko a dawo da bidiyon tsohuwar ambaliya a ce ta bana ce. Idan an san ranar ɗauka, a faɗe ta a cikin rubutu. Na biyu, gutsuren bidiyo. Karatun malami na sa'a biyu akan yanko minti ɗaya daga cikinsa a yaɗa a TikTok, alhali abin da ya gabata ko ya biyo baya yana iya juya ma'anar. Mai bincike ya nemi cikakken karatun ya dogara da shi. In bai samu ba, ya bayyana cewa gutsure ya gani.

WhatsApp da saƙonnin sirri

Abin da mai karatu ba zai iya zuwa ya gani da kansa ba, ba ya shiga manazarta. Wannan ya haɗa da saƙon WhatsApp, da saƙon murya, da hirar waya, da rubutun da ke cikin rufaffen zaure. APA tana ɗaukar su a matsayin tattaunawa ta kai tsaye, kuma a cikin rubutu kawai ake ambaton su, da sunan wanda ya yi maganar da cikakken kwanan wata. Ladabin bincike ya buƙaci a nemi izininsa kafin a sa sunansa, balle lambar wayarsa ko hotonsa, musamman ganin cewa Najeriya na da dokar kare bayanan sirri ta 2023. Hirarrakin da ɗalibi ya yi da mutane a matsayin hanyar tattara bayanan bincikensa kuwa, a babin hanyoyin bincike ake bayaninsu.

Saƙon da aka yi ta turawa daga zaure zuwa zaure, wanda WhatsApp ke sa wa alamar kibiya biyu, ba shi da marubuci sananne, ba shi da rana. Ji-ta-ji-ta ne a rubuce. Idan yana ɗauke da hoton takardar hukuma, sai a nemi takardar a wurin hukumar. In ba a same ta ba, a bar ta.

Idan shafin ya ɓace

Babban bambancin littafi da intanet shi ne ɗorewa. Littafin da ke Ɗakin Karatu na Kashim Ibrahim a Samaru yana nan bayan shekara hamsin, amma shafin intanet yana iya ɓacewa kafin ranar kare kundi. Cibiyar bincike ta Pew da ke Amurka ta fitar da rahoto a watan Mayun 2024, inda ta gano cewa kashi 38 cikin 100 na shafukan da ke akwai a 2013 ba a iya buɗe su bayan shekara goma. Rahoton ya kuma nuna cewa kusan ɗaya cikin biyar na saƙonnin Twitter kan daina bayyana ga jama'a cikin 'yan watanni da wallafa su. Tun kafin nan, wani nazari da masana a Jami'ar Harvard suka wallafa a 2014 ya gano cewa kusan rabin adireshin intanet da ke cikin hukunce-hukuncen Kotun Ƙolin Amurka ba su kai mai nema ga abin da alƙalai suka dogara da shi.

Najeriya ma tana da nata misalin. A ranar 2 ga Yunin 2021, kamfanin Twitter ya goge wani saƙo na Shugaba Muhammadu Buhari. Bayan kwana biyu gwamnati ta sanar da dakatar da dandalin, kuma ba a ɗage dakatarwar ba sai 13 ga Janairun 2022. Wanda ke nazarin wannan lamari a yau ba zai samu saƙon a inda aka wallafa shi ba, sai dai a rahotannin jaridu da kwafin da aka adana. A watan Yulin 2023 kuma sunan dandalin kansa ya koma X.

Maganin wannan shi ne adanawa tun ranar farko, domin tun ran gini ran zane. Rumbun Internet Archive, wanda aka kafa a 1996, yana da ma'adanar da ake kira Wayback Machine, inda kowa zai iya liƙa adireshin shafi kyauta, ta adana kwafinsa da kwanan wata, ta ba shi sabon adireshi mai ɗorewa. Haka kuma akan samu tsohon kwafin shafin da ya riga ya ɓace a cikinta. Sai dai ba ta cika iya adana shafukan da sai an shiga da kalmar sirri ba, irin su yawancin saƙonnin Facebook. A irin wannan hali, sai a ɗauki hoton fuskar waya wanda ya nuna suna da kwanan wata, a ajiye shi tare da adireshin, a sa shi a rataye idan sashe ya amince. Hoton shi kaɗai ba ya isa, domin ana iya haɗa na bogi cikin minti kaɗan.

Dabara mai sauƙi ita ce ɗalibi ya ware littafi ko fayil guda. Duk lokacin da ya ɗauko wani abu daga intanet, nan take ya rubuta amsar tambayoyin nan huɗu da ranar da ya duba. Wanda ya bari sai daren da za a kai kundi wurin buga takardu, shi ne ke ƙarewa da rubuta "Google".

Abin da madogara ba ta iya yi

Kyawun madogara ba ya mayar da ƙarya gaskiya. Yawan jama'a misali ne na kusa. Ƙidayar ƙarshe da aka yi a Najeriya ita ce ta 2006, kuma wadda aka shirya yi a 2023 an ɗage ta. Saboda haka duk wani adadi na mutanen Ikara ko Makarfi ko Kudan da wani shafi ya danganta da shekarun baya-bayan nan hasashe ne da aka gina a kan tsohuwar ƙidaya. Ɗalibin da ya ɗauko shi dole ne ya ce hasashe ne, ya kuma faɗi wanda ya yi shi.

Haka nan Wikipedia, ta Hausa ko ta Ingilishi, kowa na iya gyara ta. Amfaninta ga mai bincike shi ne jerin madogaran da ke ƙasan maƙala, waɗanda zai bi ya karanta da kansa. Idan ya zama dole a dogara da ita, ana amfani da adireshin takamaiman sigar da aka karanta, wanda ake samu a tarihin gyare-gyaren shafin.

Sabon haɗari kuma shi ne manhajojin ƙirƙirarriyar basira irin su ChatGPT, waɗanda kan ƙago sunan maƙala da marubuci da shekara, alhali babu su. A watan Yunin 2023, wata kotun tarayya a New York ta ci wasu lauyoyi biyu da kamfaninsu tarar dala 5,000 saboda sun gabatar da shari'o'in bogi da manhajar ta ƙago masu. Ramin ƙarya ƙurarre ne, kuma malamin da ya nemi maƙala ɗaya ya rasa zai yi shakkar sauran. Ƙa'idar ita ce kada a sa wani abu a manazarta sai wanda aka buɗe aka karanta.

Kafin a miƙa kundi, yana da kyau ɗalibi ya ba wani abokin karatu jerin manazartarsa ya buɗe kowane adireshi ɗaya bayan ɗaya a wata wayar. Duk wanda ya ƙi buɗewa a maye gurbinsa da kwafin da aka adana, duk sunan da ke cikin rubutu a tabbatar yana manazarta, duk wanda ke manazarta kuma a tabbatar an ambace shi a cikin rubutu. Aikin yini ɗaya ne, kuma shi zai sa wanda ya ɗauki kundin bayan shekaru, a sakatariyar Hunkuyi ko ɗakin karatun Makarfi, ya iya bin sawun kowane adadi har zuwa inda ya fito.